Zuwa ga ɗiyata, kafin a kai ki Ƙonni

Illela, cikin hunturu

Ɗiyata,

Na ba ƙanwarki takardar nan ta sa miki a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai biki ya watse, 'yan kai amarya sun dawo, kin zauna a ɗakinki hankali kwance. Kin san ni. Abin da ke cikinta ba zan iya zaunar da ke in faɗa miki baki da baki ba. Ke ce 'yar fari, ko sunanki ban taɓa kamawa a gaban mutane ba. Nasihar aure kuwa gwaggonninki za su cika miki kunne da ita, yi na yi, bari na bari. Ba ita zan maimaita ba. Ni maganar jikinki zan yi, da maganar halinki, don a wurinki ɗayan ba ya tafiya sai da ɗayan.

Bari in fara da halin. Tun kina hannun kakarki Iya a Kalmalo, bayan an yaye ki, kowa ya san ki da shiru. Kin taɓa taka ƙaya kina tafiya makarantar allo, kika ci gaba da zuwa kina ɗingishi a ɓoye, sai da tafin ƙafar ya tara ruwa Iya ta gane wajen wanka. Da labarin ya zo mini, mata suna ta cewa, "Yarinyar nan akwai haƙuri, ta biyo uwarta." Na sunkuyar da kai irin na mai kunya, amma a raina daɗi na ji. Ni ɗin nan da na yi shekaru ina aikin jinya, nake yi wa mata faɗa a asibiti don sun zauna da ciwo a gida sai da ya ci ƙarfinsu, ni ce na dawo gida nake yaba wa 'yata abin da nake hana 'ya'yan wasu.

Iya, Allah ya jiƙanta, ba haka take ba. Kin tuna albaras ɗin da ke hannuwanta da gefen bakinta. Lokacin da take sayar da fura, wasu sun daina saye, wai kuturta ce, wasu suka ce kifi ta ci ta bi da nono. Ba ta taɓa rufe hannun da gefen zane ba. Takan miƙa shi ta ce a taɓa, a tsunkule ta a ga ko ba ta ji, tunda tabon kuturta shi ne ba ya jin taɓi. Wanda ya ci gaba da ƙyama sai ta ce ya tafi da yunwarsa. Gaskiyarta ce kuwa: albaras ba kuturta ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma abinci ba ya kawo shi. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Wata 'yar Najeriya ma, Ogo Maduewesi, ita ta fara taron wayar da kai a kansa a Legas ranar 25 ga Yuni, 2011, ranar da yanzu ake tunawa da shi a ƙasashe da yawa. Da Iya ta ji labarinta, da ta ce ga 'yar'uwa. Ke kin gaji jinin Iya, amma bakin nawa kika ɗauko.

Na ce kin gaji jininta, don ciwonki da nata dangi ne. Allah ya yi wa jiki garkuwa da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A wasu mutane garkuwar takan rikice ta juyo kan jikin da take tsaro. A wurin Iya, ƙwayoyin da ke ba fata launi ta far wa. A wurinki ba ta tsaya wuri guda ba. Kina ajin ƙarshe na sakandare ƙuraje suka fito miki a kumatu da karan hanci, in kin sha rana su ƙara tashi. Gashi ya riƙa zuba a mataji, gaɓoɓi suna ciwo da safe, baki ya yi miki, ga zazzaɓin da maganin cizon sauro ba ya taɓawa. Unguwa kowa da nasa: borin jini ne, iska ce, a'a hannu aka sa mata saboda ƙoƙarinta a makaranta. Sai da muka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato aka auna jini da fitsari, likita ya faɗi sunan: lupus. Ya ce cikin masu shi 10, kusan 9 mata ne, yawanci a shekarun haihuwa. Ya ce ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana lallaɓa shi ya kwanta, mutum ya yi karatunsa, ya yi aure, ya haihu.

Kin san tambayar farko da na yi masa? Ban tambayi ƙoda ba, ko da yake na san ciwon nan yana taɓa ƙoda. Cewa na yi, "Likita, tabon fuskar zai tafi?" Kina zaune kina ji. Tunanina ya riga ya tafi wurin wa zai aure ki. Na ga kin kai hannu kin gyara hijabi ya ƙara rufe kumatun. Har yau in na tuna sai in ji nauyi, don ranar na koya miki cewa abin da ido ke gani shi ne ciwon. Ba shi ba ne. Abin da ya kusa raba mu da ke ba a fata yake ba, kuma shi nake so ki fahimta sosai, yadda za ki iya bayyana wa wani da bakinki.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, nauyinta bai wuce giram 5 ba, likitoci suna ce mata adirinal. Sinadarai take haɗawa ta zuba cikin jini. Wanda ya fi shafarki sunansa kotisol. Shi ke riƙe ƙarfin jini kada ya faɗi, shi ke tsare sukarin jiki in mutum ya daɗe bai ci ba, shi ke kwantar da kumburi, kuma shi ke tsaya wa jiki ran wahala, ran zazzaɓi mai zafi, ko rauni, ko tiyata, ko naƙuda. A irin wannan rana jiki yakan ninka abin da ya saba fitarwa. Adirinal ba ta yin gaban kanta. Wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa ce ke aika mata saƙo ta jini, ta ce ƙara ko rage. Tun kafin assalatu take kama aiki, kotisol ya kai ƙololuwa da sassafe, sannan ya yi ta sauka har tsakar dare.

Farar ƙwayar nan da kike sha kowace safiya, firednisolon, kwaikwayon kotisol ce da ɗan Adam ya haɗa, kuma ta ninka shi ƙarfi kamar sau 4. Kada ki taɓa raina ta ko ki tsane ta. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara ba wata mai ciwon gaɓoɓi irin wannan magani, matar da ta kasa tashi ta miƙe cikin 'yan kwanaki. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. A waɗancan shekarun, kusan rabin masu lupus ba sa wuce shekara 5 bayan an gano shi. Yau, inda ake samun kulawa, fiye da 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara 10. Wannan magani na cikin abin da Allah ya yi sanadi da shi. Amma tun 1952 likitoci suka fara ba da rahoton mutumin da ya daɗe yana sha, aka tsayar masa, aka shiga da shi tiyata, jininsa ya faɗi bai tashi ba.

Ga dalili. Abin da jiki ke haɗa wa kansa a yini bai wuce kwatankwacin miligiram 5 na firednisolon ba. Ke da 40 aka fara ki, don ciwon ya tashi da ƙarfi. Da ƙwaƙwalwa ta ga jini ya cika da shi, sai ta daina aika saƙo, adirinal ta zauna ba aiki. In abin ya wuce mako 3 ko 4, takan fara yin sanyi, in ya ɗauki watanni har ƙanƙancewa take yi. Ke 'yar Illela ce, kin san abin da ya faru da shinkafa. Manomin da ya ga ta waje tana shigowa da araha ya bar fadamarsa, ranar da aka rufe iyaka a 2019 ya waiwaya rumbu ba komai, gona kuma ba ta ba da amfani dare ɗaya, sai an yi sharar daji, an shuka, an jira. Adirinal ma haka. In aka yanke mata na waje farat ɗaya, ba ta da abin bayarwa, kuma farfaɗowarta takan ɗauki watanni, wani har shekara ko fiye.

Abin da ya same ki ke nan a watan Agusta na 2023. Kin je wa gwaggonki hutu a Ƙonni, sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, motoci suka yi layi a bakin kwastan, kowa hankalinsa a tashe. Maganinki ya ƙare. Akwai shi a kantunan magani na Ƙonni, ba shi da tsada. Gwaggonki da ta ji da gudu za ta aika. Amma kin ga gidan ana cikin matsi, kasuwa ta tsaya, ba ki so ki ɗora wa kowa nauyi. Kuma, ki bari in faɗa tunda mu biyu ne, kin ji daɗin ganin fuskarki ta fara saɓewa. Na kira ki a waya na ce ya jiki, kika ce lafiya lau. Ni kuma ban ce miki "ƙwaya nawa ta rage?" ba, don tsakanina da ke gaisuwa ce gajera, haka muka saba.

Sai damina ta yi halinta, sauro ya ba ki zazzaɓi. Lokacin da ɗan gwaggonki ya shigo da ke a babur ta hanyar gonaki, an ɗaure ki da zane a bayansa, ba kya iya zama. Amai, ciwon ciki, jiki sanyi ƙalau, ina yi miki magana kina amsa wata daban. Na ɗaura abin awon jini, na ƙi yarda da abin da na gani, na sake ɗaurawa. Allah ya sa na tambayi ƙwayar, ɗan gwaggon ya ce rabon da a gan ki da ita an kwana biyu. Allurar haidirokotison, miligiram 100, ita aka fara yi miki kafin komai, sannan ƙarin ruwa mai gishiri da sukari, sannan maganin zazzaɓin. Muka kama hanyar Sakkwato, ina riƙe da ledar ruwan. Wajen Gwadabawa kika buɗe ido kika ce, "Inna, ki yi haƙuri na wahalar da ke." Wallahi ji na yi kamar in mare ki, kamar in rungume ki. Ban yi ko ɗaya ba, na ce ki yi shiru ki huta. Kin ga, ko a nan shirun na ce ki yi.

Da kika samu sauƙi likitoci suka tsaya su tabbatar daga ina matsalar take, don hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta magani, wadda na bayyana. Ta biyu, garkuwar nan da ta rikice tana iya kai wa adirinal ɗin kanta hari ta lalata ta. Wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, Thomas Addison, shi ya fara bayyana wannan ciwo a 1855, har ake kiransa da sunansa. A ƙasashenmu tarin fuka ma yana cikin manyan masu jawo shi. Alamarsa daban: fata ta yi duhu fiye da yadda take, musamman layukan tafin hannu da dasashi, mutum ya rame, ya riƙa marmarin gishiri, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Ba shi da yawa, amma an fi ganinsa a gidajen da ke da albaras ko ciwon maƙoshi na garkuwa. Naki na magani ne, alhamdu lillahi, wato akwai ran farfaɗowa. Na faɗa miki ɗayan ne saboda ƙannenki da 'ya'yan da Allah zai ba ki, ki zama mai ido a zuri'a.

Ki san gwajin da ake yi miki, kada ki zama mai miƙa hannu kawai. Da safe ake ɗibar jinin, tsakanin ƙarfe 8 da 9, kafin ki sha ƙwayar ranar, don a ga abin da jikinki ya haɗa da kansa. In sakamako ya haura 300 a ma'aunin da suke rubutawa nmol/L, adirinal ta farka. In bai kai 150 ba, tana barci har yanzu. In ya faɗa tsakani, sukan jira a sake, ko su yi miki wata allura mai tsikarar adirinal su sake aunawa bayan minti 30 ko 60. Naki na ƙarshe yana tsakani. Ma'anarsa, a rana ta yau da kullum kina iya wadatuwa, amma ran wahala ba a dogara da ita tukuna. Shi ya sa aka sauko da ke a hankali har 5, aka tsaya nan. Na san kin gaji, kina so a ce yau an gama. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Likita ne zai rage, ba ke ba, ba mijinki ba, ba ni ba.

Za ki ga a waya ana tallar wani abu wai DHEA. Shi ma sinadarin adirinal ne, kuma gaskiya ne yakan yi ƙasa a jinin masu lupus. An gwada ba da shi a matsayin magani, amfanin bai taka kara ya karya ba. Kada ki zubar da kuɗinki.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna miki. Kada maganinki ya taɓa sauka ƙasa da na wata guda a gida. An buɗe iyaka a Maris na 2024, amma mu mutanen bakin iyaka mun ga an rufe ta a 2019, an buɗe a Disamba 2020, an sake rufewa a 2023. Ba a tambayarmu kafin a yi. Ranar da zazzaɓi ya kama ki, ki ninka ƙwayar yadda likita ya rubuta miki, 5 da safe, 5 da yamma, ki nemi a auna jini a kula da zazzaɓin, in kin warke ki koma yadda kike. In amai ya hana ƙwayar zama, ko gudawa ta tsananta, ko kika ji ba kya iya miƙewa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne: allura, sannan asibiti. Na sa miki kwalbar haidirokotison da sirinji a cikin ƙaramin gwangwanin da ke cikin akwatin, ki riƙa duba ranar lalacewarta. Akwai kati a ciki, kawunki ya rubuta shi da Hausa da Turanci da Faransanci, don ma'aikatan can da Faransanci suke aiki. Ko asibitin Ƙonni kika je, ko Galmi, ko Tawa, kafin a taɓa ki da wuƙa ko a cire miki haƙori, ki miƙa katin. In Allah ya kiyaye aka ce za a ba ki maganin tarin fuka, ki faɗa, don ɗaya daga cikinsu yana cinye ƙarfin firednisolon.

Ɗayar ƙwayar da kike sha, 'yar'uwar kulorokwin ɗin da muka sani, ita ce ginshiƙin. Ita ke hana ciwon tashi har a samu damar rage firednisolon. Ba ta nuna aikinta da sauri, shi ya sa mutane ke watsar da ita. Ki riƙe ta, ki je a duba idonki lokacin da suka ce, a riƙa auna fitsari saboda ƙoda. Rana kuwa abokiyar gabarki ce. Shanya da wanki ki yi su da sanyin safiya, in fita ta kama da tsakar rana ga laima, ga man kariya.

Sai maganar 'yan gyaran amarya. Na ga kwalaben da ƙawayenki suka fara kawowa. Ɗiyata, man da ke sa fata ta yi fari cikin mako guda, da yawansu akwai dangin firednisolon a ciki, irin su kulobetasol, masu ƙarfin gaske. Fata tana tsotse shi ya shiga jini, musamman in ana shafe jiki duka kullum, ya yi wa adirinal abin da ƙwaya ke yi, ya bar mace da nankarwa da fatar da ba ta jure ƙwarzane. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu, amma ran Lahadi ki zaga kasuwarmu ki ga yadda suke jibge a tire. Haka ƙwayar da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, don a yi ƙiba a cika ido. Sau da yawa deksa ce, 'yar'uwar firednisolon, wadda ta ninka ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙibar da take kawowa ta fuska ce da ciki da ƙeya, ƙafafu su sirance, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su biyo baya. Har wasu haɗe-haɗen gargajiya na kwalba da ake cewa suna maganin sanyi akan samu an zuba musu ita. Duk abin da ba ki san me ke ciki ba, ki karɓa ki yi godiya, ki ajiye.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin mai shan maganin nan fuska takan yi ƙarya. Lokacin da kike kan 40, kumatunki suka cika, maƙwabta suna shigowa suna cewa, "Kai, ta murmure, ta yi kyau." Na san kumburin magani ne, amma na bar su, har ina amsa barka. A gidan miji ma za a riƙa auna lafiyarki da fuska. In kin yi haske kin cika, a ce amarya ta samu wuri. In kin faɗa, a ce ko ba a ba ta abinci. Kada ki bari wannan awo ya sa ki ƙara ƙwaya ko ki rage.

Haihuwa za ta zo in Allah ya so, kuma za a fara ƙirga miki watanni tun ba a je ko'ina ba. Likitoci sun fi son ciki ya shiga bayan ciwon ya kwanta na aƙalla wata 6. Ku je tare da mijinki ku ji daga bakin likita, don akwai magungunan lupus da ba sa haɗuwa da ciki, naki biyun kuwa ana ci gaba da su. Kada wata ta ce miki mai ciki ba ta shan magani ki ajiye. Kuma haihuwarki ta asibiti ce, inda za a yi miki allurar nan lokacin naƙuda. In an ce al'ada ce a dawo gida wankan jego, ki dawo, ina nan, amma ni zan auna zafin ruwan.

Azumi ma yana tafe. Na san ki, za ki ji kunyar a gan ki kina ci a gidan surukai shekarar farko. Kafin wata ya kama ki tambayi likita. In ya yarda, ƙwayar da sahur ake sha. In kika ji jiri ko amai da rana, ki karya, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Allah da ya wajabta azumi shi ya ɗauke wa marar lafiya, ya ce a rama ko a ciyar. Ba ki fi shi sanin abin da ya dace da ke ba.

Akwai abin da kika yi da ya sa na san ba tsoro ke hana ki magana ba. Da maganar auren nan ta taso, ni na so a rufe. Na ce wa babanki tabon ya dushe, a bari sai an ɗaura, ya gani a hankali. Babanki bai ce komai ba, ya ɗauki butarsa. Ashe ke kin riga mu. Ranar da yaron ya zo zance kin fito da kwalin maganin da katin asibiti kin ajiye masa a kan tabarma, kin ce ya je ya yi shawara da mahaifiyarsa, in ya fasa ba ki riƙe shi ba. Ƙanwarki da ta kai ruwa ita ta ba ni labari. Na ji kunya, na kuma ji girmanki. Ya dawo, har ya tambaye ni yadda ake zuƙo allurar, na koya masa a kan lemo, hannunsa na rawa. Yaron kirki ne. Amma ɗan kasuwa ne, yau yana Galmi wajen albasa, gobe yana Sakkwato. Ki samu mace guda a gidan, ko uwar mijinki ko wata facala mai hankali, ki nuna mata gwangwanin da katin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Kin ga inda na dosa. In haƙƙin wani ne, bakinki a buɗe yake, ba kya cin amana, ba kya rufa-rufa. In naki ne sai ki yi gum, ki ce kada a damu. To jikin nan ma amana ne a hannunki, kuma yana da haƙƙi kamar kowa. Haƙuri da halin mutane ki riƙe shi, zai yi miki rana a gidan da ke da yawa. Ki yi haƙuri da tabo, da ƙwaya kullum, da layin asibiti, da tambayar marasa ta-ido. Amma amai da jiri ba a yi musu haƙuri. Wanda ya ce miki raki ne, ki ce masa innarki ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ce.

Ni ma na ɗaukar wa kaina abu guda. In na kira ki, ba zan tsaya a "ya gida, ya mai gidan" ba. Zan tambayi ƙwaya nawa ta rage, yaushe rabonki da zazzaɓi, ko ƙafa tana kumbura. Za ki ji abin baƙo, ni ma haka. Ki daure ki ba ni amsa ta gaskiya, ko da a gaban mutane ne ki ce za ki kira ni anjima. Ranar komawarki asibiti tana bayan katin. Ki kwana a nan gida, mu kama motar farko, don jinin ƙarfe 8 ake so, kuma kada ki sha ƙwayar sai an ɗiba. Ki taho da ita a jaka da 'yar gorar ruwa.

Tuwonki har yanzu yana yin gudaji in kina sauri, ki rage wuta kafin ki zuba gari. Ban da wannan ba ni da abin da zan ce a gyara. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ki lafiya mai ɗorewa da zuri'a ɗayyiba. Allah ya yi miki albarka.

Innarki